Yadda Jiki Yake Ɗaure Tagulla, da Inda Ɗaurin Yake Gazawa

Da za a tattaro dukan tagullar da ke jikin baligi guda, daga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa da ƙasusuwansa da jininsa, a ɗora ta bisa mizanin maƙerin zinariya, da nauyinta bai wuce na ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar ba, watau kimanin miligiram 100 a lissafin likitoci. Amma wannan ɗan miƙdari, wanda ido zai raina in ya gan shi a tafin hannu, da shi ne ƙwayoyin jiki suke kammala ƙona abinci da iskar da muke shaƙa su fitar da ƙarfi, da shi ne jijiyoyin jini suke samun danƙon da ke hana su tsagewa, da shi ne fata da gashi suke yin baƙi, da taimakonsa kuma ake ɗora sinadarin ƙarfe a kan abin da zai kai shi ɓargo inda ake ƙera jini. Abin da mutum yake bukata a yini bai cika miligiram ɗaya ba, kuma gyaɗa da wake da riɗi da hanta da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba sun ishe shi, shi ya sa ba kasafai ake jin an rubuta wa wani maganin ƙarin tagulla ba.

Abin da ya sa mas'alar ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, ɗabi'ar da ta sa tagulla take da amfani, ita ce dai ta sa take da haɗari. Zarrar tagulla tana da saurin karɓar ƙwayar lantarki da saurin miƙa ta, kuma wannan karɓa da miƙawa shi ne aikin da jiki yake nema daga gare ta. To amma idan ta sami kanta a sake cikin ruwan ƙwayar jiki, ba ta daina aikin ba, sai dai ta yi shi inda ba a so, ta haɗu da ragowar iskar oksijin ta haifar da wasu sinadarai masu ƙuna waɗanda ke lalata kitsen da ya kewaye ƙwayar, su illata furotin, har su taɓa rubutun gado da ke tsakiyarta. Bayan wannan kuma, a cikin ma'adinan da jiki yake aiki da su babu wanda ya kai tagulla ƙarfin riƙo, saboda haka in ta tarar da gurbin da aka tanada domin ƙarfe ko tutiya, sai ta ture mai gurbin ta zauna, aikin wurin ya tsaya. Misalinta misalin garwashi ne a zamanin da ake ɗebo wuta daga maƙwabta: ba gidan da zai yi tuwo ba tare da shi ba, amma ba mai hankalin da zai ajiye shi a kan tabarma ko da na ƙiftawar ido ne, daga murhu sai kasko, daga kasko sai murhu.

Malaman kimiyya sun daɗe suna zaton cewa tagulla tana yawo ne cikin ruwan ƙwayar jiki, kowane furotin da ke bukatarta ya kama rabonsa in ta gifta. A shekarar 1999 Thomas O'Halloran da Valeria Culotta da abokan aikinsu a Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan yisti, wannan da ake kumbura burodi da shi, inda lissafinsu ya nuna cewa, ko da yake ƙwayar yisti guda tana ɗauke da dubban zarrar tagulla, wadda take sake a cikinta ba ta kai zarra ɗaya ba. Ma'anar wannan kuwa ita ce, tun daga lokacin da tagulla ta shiga har ranar da za ta fita, ba ta taɓa zama ba wani abu riƙe da ita. Tana shiga ne ta wata ƙofa a jikin tantanin ƙwayar, wadda aka sa wa suna CTR1, kuma da ta leƙo ciki sai wasu ƙananan furotin, waɗanda za mu iya kira 'yan rakiya, su karɓe ta; wannan ya kai ta inda ake sarrafa ƙarfi, wancan ya kai ta ga furotin mai kashe sinadaran nan masu ƙuna, na uku ya kai ta ga famfon da zai tura ta waje. Ɗan rakiya ba ya sakin abin da ya ɗauko sai ya manne da mai karɓa jiki da jiki, har mai karɓar ya kama kafin shi ya saki.

Da me ake riƙe ta? Amsar tana komawa ga kibiritu, wanda muka fi sani da farar wuta. A cikin tubalan da ake gina furotin da su, waɗanda adadinsu ashirin ne, akwai ɗaya mai suna sistin, wanda yake ɗauke da zarrar kibiritu a gefensa, kuma tsakanin kibiritu da tagulla akwai ƙauna ta asali wadda duk mai haƙar ma'adinai ya sani, domin a cikin ƙasa ma galibi tare ake samunsu cikin dutse guda, haka nan dalma da zaiba da tutiya. Kusan duk abin da jiki ya tanada domin kama waɗannan ma'adinai, da wannan kibiritu yake kamawa. Akwai wani ƙaramin sinadari, gulutatayon, mai tubali uku kacal, ɗaya daga cikinsu sistin, wanda yake cike da kowace ƙwayar jiki, shi ne yake fara tarar abin da ya kuɓuce. Amma babban ma'aji shi ne wani furotin da ake kira metalotayonin.

Tarihin gano shi yana da ban sha'awa. A shekarar 1957 Marvin Margoshes da Bert Vallee, a Jami'ar Harvard, suna neman sanin dalilin da ya sa ake samun kadmiyam a jikin dabbobi alhali ba a san wani amfani da yake yi musu ba, sai suka tsamo daga ƙodar doki wani ɗan furotin wanda yake maƙare da wannan ma'adini. Da aka ƙididdige tubalansa daga baya, sai aka tarar sun kai 61 ko kusa da haka, 20 daga ciki sistin ne, watau kusan sulusinsa kibiritu ne ke aiki, abin da ba a saba gani a wani furotin ba. Guda ɗaya yana iya naɗe zarra bakwai ta tutiya ko ta kadmiyam, ko kuwa har goma sha biyu ta tagulla, ya dunƙule su a cikinsa yadda ba za su taɓa kome ba. Abin da ya fi ƙayatar da ni a sha'aninsa shi ne, jiki ba ya tara shi da yawa a banza. Akwai wani mai tsaro a cikin ƙwayar wanda yake jin hauhawar tutiya, kuma idan tagulla ko kadmiyam suka shigo da yawa suka ture tutiya daga mazauninta, sai tutiyar da aka kora ta tayar da mai tsaron, shi kuma ya shiga tsakiyar ƙwayar ya buɗe rubutun gado, a shiga ƙera sabon metalotayonin cikin 'yan sa'o'i. Ashe ɓarnar farko da baƙon ma'adini ya yi, ita ce take zama sanarwar da ke jawo abin da zai ɗaure shi.

Ajiya kaɗai ba ta isa ba, tilas a sami hanyar fitarwa, kuma wannan aikin wasu famfuna biyu ne masu kama da juna, ATP7A da ATP7B. Na farko yana aiki a hanji, shi ne yake tura tagullar abinci daga ƙwayoyin hanji zuwa jini. Na biyu yana hanta, kuma a lokacin da tagulla take daidai yana zaune can ciki yana ɗora ta a kan furotin da za a aika cikin jini. Amma da zarar ta yi yawa, sai ya tashi daga wurinsa ya koma gefen ƙwayar da ke fuskantar magudanar matsarmama, ya riƙa zuba rarar a cikin ɗacin nan da ke gangarawa hanji, ta fita tare da bayan gida. Ta wannan hanya ce kusan dukan rarar tagulla take barin jikin mutum, abin da ke fita ta fitsari kaɗan ne ƙwarai.

Ba a fahimci darajar waɗannan famfuna ba sai ta hanyar waɗanda aka jarrabe su da rashinsu. A 1962 likita John Menkes ya bayyana wata cuta ta jarirai maza, masu gashi fari-fari, murɗaɗɗe, mai karyewa, waɗanda ƙwaƙwalwarsu take lalacewa, galibi kuma ba su wuce shekara uku a duniya. Shekara goma bayan haka David Danks, a Ostiraliya, ya tuna cewa makiyayan ƙasarsu sun san tumakin da ke kiwo a ƙasa mai ƙarancin tagulla da lalacewar ulu, ya auna jinin yaran, ya tarar tagulla ce ta yi ƙaranci ƙwarai. Tana shiga ƙwayoyin hanjinsu, amma famfon da zai wuce da ita ya mutu. Kishiyar wannan ita ce cutar da Kinnier Wilson ya bayyana a Landan a 1912, wadda take samun kimanin mutum ɗaya cikin 30,000. A nan famfon hanta ne ya lalace, saboda haka tagulla tana shiga kullum ba ta fita. Shekaru da dama metalotayonin yana ɗaure ta, yaron yana girma lafiya lau a ganin iyayensa, har ranar da ma'ajin zai cika. Sa'an nan hanta ta fara ƙuna, tagulla ta malala cikin jini ta hau ƙwaƙwalwa, saurayi ko budurwa su fara rawar hannu da sarƙewar harshe da sauyin hali wanda sau da yawa akan ɗauka taɓin hankali ne ko shafar aljanu, a gefen baƙin idonsu kuma wani zobe mai ruwan tagulla ya bayyana. Sai a 1993 aka gano ƙwayoyin gadon da ke bayan cututtukan biyu. Cutar Wilson ba ta bayyana sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, don haka ta fi yiwuwa inda auren zumunta ya yawaita, kuma ya kamata likitocinmu su riƙa tunawa da ita idan matashi ya zo da ciwon hanta wanda ba a gane musabbabinsa ba, domin tana cikin cututtukan gado ƙalilan da magani yake tsayar da su.

Maganin farko mai sauƙin sha, penisilamin, John Walshe ne ya kawo shi a 1956, kuma sirrinsa dai kibiritun nan ne: yana kama tagulla a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma akwai wata dabara wadda a ganina ta fi shi hikima, wadda wani likita a Holan, Schouwink, ya fara gwadawa a 1961, ita ce a ba majinyaci tutiya ya riƙa sha. Tutiyar tana sa ƙwayoyin hanji su ƙera metalotayonin da yawa. Tagullar abinci in ta shigo, da yake ta fi ƙarfin riƙo, sai ta ture tutiya ta zauna a ciki, ta maƙale. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon hanji kuwa ajalinsu bai kai mako guda ba, suna mutuwa su zube, su tafi da abin da suka ɗaure. Likitan bai ƙirƙiri kome ba, ya dai lura da tsarin da Mahalicci ya riga ya ajiye, ya ƙara masa ƙaimi.

Masu kiwon ragunan layya suna da rabo a wannan bayani. Hantar tunkiya ba ta iya zubar da tagulla cikin matsarmama kamar ta kaza ko ta saniya, saboda haka abinci ko gishirin lasa da aka haɗa domin waɗancan yana iya fin ƙarfinta. Rago yakan yi watanni yana tarawa yana ƙiba, ba wata alama, sai ranar da wahala ta same shi, kamar doguwar tafiya a mota, hantar ta saki abin da ta tara gaba ɗaya, jininsa ya fashe, idonsa ya yi shawara, fitsarinsa ya yi ja wur, ya mutu cikin kwana biyu ko uku.

To, duk wannan tsari an gina shi ne domin ma'adinan da jiki yake bukata, kuma a nan ne ya wajaba mai karatu ya riƙe wata ƙa'ida guda. Gubar da ta fito daga tsiro ko daga maciji, hanta tana iya farfasa ta ta mayar da ita wani abu dabam marar illa, domin haɗaɗɗen abu ce. Ma'adini kuwa asali ne, ba ya farfasuwa, ba ya ƙonewa, ba ya narkewa ya ɓace. Iyakar abin da jiki zai iya yi masa shi ne ya ɗaure shi, ya ɓoye shi, ko ya fitar da shi. Tagulla tana da ƙofar shiga da 'yan rakiya da famfon fita. Kadmiyam da zaiba da dalma ba su da ko ɗaya daga ciki da aka yi dominsu, suna shiga ne ta hanyar kama da wasunsu, kuma bayan sun shiga, mafitarsu ƙunci gare ta.

Dubi kadmiyam, wanda ke cikin hayaƙin taba da wasu batura. Yana bin ƙofofin tutiya da ƙarfe ya shiga, metalotayonin na hanta ya kama shi, kamar an gama. Amma sannu a hankali wannan ƙunshi yana fita cikin jini, ƙoda ta tace shi, ƙwayoyinta su haɗiye shi su narkar da furotin ɗin, kadmiyam ya kuɓuce, su sake ƙera wani su ɗaure shi, haka nan har shekara goma zuwa talatin kafin rabin abin da ya shiga ya fita. In tarin ya wuce abin da ƙodar za ta iya ɗaurewa, sai ta fara yoyon kalsiyam da sauran abin da ya kamata ta tsare. Wannan shi ne ya sami manoman kwarin kogin Jinzu a lardin Toyama na Japan, waɗanda suka yi shekaru suna cin shinkafar da aka yi ban-ruwanta da ruwan da ya biyo ta mahaƙar Kamioka, har ƙasusuwan mata tsofaffi suka riƙa karyewa da ɗan motsi kaɗan. Gwamnatin ƙasar ba ta amsa cewa kadmiyam ne sanadi ba sai a 1968. Ita ma shinkafar ɗaurewa ta yi, domin tsirrai suna da nasu sinadarin mai kibiritu, wanda Erwin Grill da Meinhart Zenk da abokinsu suka bayyana a Jamus a 1985, suna ƙunshe ma'adinin su jefa shi cikin wata jaka a tsakiyar ƙwayarsu. Tsiron ya tsira, wanda ya ci shi ya gaji abin da ya rage. Zaiba kuwa, wadda masu wanke zinariya suke ƙonawa suna shaƙar tururinta, in ta shiga ruwa takan rikiɗa ta shiga kifi, a jikin mutum kuma ta manne da sistin, haɗin nasu ya yi kama da wani tubalin abinci, har masu tsaron ƙofar ƙwaƙwalwa su shigar da shi da hannunsu. Irin wannan zaiba ta cikin kifi ce ta sami mutanen Minamata a Japan, inda aka fara gane cutar tasu a 1956.

Dalma ita ce tamu, kuma ba mu bukatar zuwa Japan neman misali. Tana kama da kalsiyam, tana kama da tutiya, tana kuma bin ƙofar da ƙarfe yake bi a hanji. Tana zama a gurbin tutiya cikin furotin da ke fara ƙera jan jini, ta kawo ƙarancin jini. Tana zama a gurbin kalsiyam inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke isar da saƙo, ta rikita ginin da ake cikin yi a kan yaro ƙarami. Ba ta tayar da metalotayonin yadda tutiya da kadmiyam suke yi, saboda haka babban abin da jiki yake yi da ita shi ne ya zuba ta cikin ƙashi a matsayin kalsiyam, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin baligi take zaune. Yaro yana tsotse ninki huɗu ko biyar na abin da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya, yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa ya fi kowa, domin hanjinsa ya ƙara buɗe ƙofofin neman abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani miƙdarin dalma a jini da aka san ba shi da illa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka a Jihar Zamfara. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kawo dutsen cikin gida, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin niƙa, ana shanya garin a tsakar gida inda yara suke rarrafe, ba wanda ya san cewa dutsen cike yake da dalma. A ƙauyuka biyu da aka fara bincike gida-gida, an tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, watau rubu'insu, galibi bayan jijjiga. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta haura 400, kuma a 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Maganin da aka ba yaran, DMSA, zarra biyu ta kibiritu gare shi, kuma jikan wani magani ne da Rudolph Peters da mutanensa suka haɗa a Oxford lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Amma likitocin sun kafa sharaɗi wanda wasu suka ga tsauri ne, alhali shi ne daidai: sai an kankare saman ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin maganin ya yi fa'ida mai ɗorewa, domin ba amfani a kwashe daga jini da safe yaro ya sake haɗiya da yamma. Mutanen Bagega, ƙauyen da ya fi girma a cikinsu, sai da suka jira har 2013 kafin a yi musu wannan aiki, kuma jinkirin nan a jikin 'ya'yansu aka biya shi.

Saboda wannan ne nake jin takaici idan na ji masu tallar magani a kasuwa da rediyo suna alkawarin wanke jiki daga kowace irin guba da kwalba guda. Abin da ke sa mutum gudawa bai taɓa dalmar da ke cikin ƙashi ba, kuma ko maganin asibiti na haƙiƙa ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, yana ma iya kwashe tutiya da tagullar da jiki yake bukata in an sha shi ba da awon likita ba. Haka nan ya kamata iyaye mata su sani cewa kwallin dutse, wannan mai ƙyalli da ake niƙawa a rambaɗa wa jarirai, galibinsa dalma ce haɗe da kibiritu, kuma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Haka ƙurar wuraren fasa tsofaffin baturan mota, wadda uba yake kawowa gida a jikin tufafinsa.

Akwai kuma sauran lissafi da bai rufu ba. Dalmar jini takan ragu da rabi cikin wata guda ko makamancin haka, amma ta ƙashi tana yin shekaru gommai, kuma ƙashi ba ya riƙe ta har abada. Duk lokacin da jiki ya nemi kalsiyam da yawa ya koma ɗiba daga ƙashi, tare da ita yake ɗebowa, kuma babu lokacin da ya fi na goyon ciki da shayarwa wannan bukata. Dalma tana ƙetare mahaifa ta isa ga ɗan tayi. 'Yan matan da suka yi rarrafe a tsakar gidajen ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega a 2010, suka kuma rayu, yanzu sun kai munzalin aure, wasunsu sun fara haihuwa. Haƙƙinsu ne a kan hukumomin lafiya a riƙa auna dalmar jininsu idan sun zo awon ciki, a wadata su da kalsiyam da sinadarin ƙarfe domin jikinsu ya rage ɗiba daga ƙashi, a kuma auna jariran da suka haifa tun suna cikin zanen goyo.